Alfred Hitchcock: Daraktan da ya gina tsoro a kan jira

A tarihin fina-finan ban tsoro da na zullumi, da wuya a sami sunan da ake yawan ambata kamar na Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya shafe shekara 50 yana ba da umarni a fim, ya kuma bar fina-finai sama da 50. Abin lura shi ne, shahararrun ayyukansa babu fatalwa a ciki, babu dodo, babu aljani. Kayan aikinsa su ne matakalar bene, makulli, kofin madara da labulen banɗaki. Da waɗannan ya riƙa kaɗa hantar miliyoyin mutane, domin ya ƙware a abu biyu: inda zai ajiye kyamara, da abin da zai bar kunne ya ji.

An haife shi ranar 13 ga Agusta, 1899, a Leytonstone da ke gabashin Landan. Mahaifinsa, William, mai sayar da kayan lambu ne da kaji, kuma Alfred ne auta cikin 'ya'ya uku na wannan gida na mabiya ɗariƙar Katolika. Akwai labarin da ya yi ta bayarwa har tsufansa, cewa yana da kimanin shekara 5 mahaifinsa ya aike shi ofishin 'yan sanda da 'yar takarda, ɗan sandan ya karanta, ya kulle shi a ɗaki na 'yan mintoci don ya ga makomar yaro marar ji. Daga nan, a cewarsa, tsoron 'yan sanda ya zauna masa. Ko ba komai, mutumin da ake farauta kan laifin da bai aikata ba shi ne jigon da ya fi maimaitawa a fina-finansa.

A 1910 aka sa shi makarantar St Ignatius ta limaman Jesuit. A can, idan yaro ya yi laifi ba a nan take ake dukansa ba. Sai a yanke masa hukunci, ya ci gaba da zama a aji yana lissafin lokaci, har sai an tashi sannan ya je ya miƙa tafin hannu. Dukan kansa na 'yan daƙiƙoƙi ne, amma zaman jiransa ya fi shi ciwo. Duk wanda ya san fina-finan Hitchcock zai gane wannan darasi a cikinsu.

Mahaifinsa ya rasu a ƙarshen 1914. Alfred ya kama aiki a kamfanin Henley mai yin wayoyin lantarki, ya fara da aikin lissafi, daga baya aka mayar da shi sashen talla saboda ya iya zane. Zanen ne ya buɗe masa ƙofa. Da kamfanin Amurka Famous Players-Lasky ya buɗe sutudiyo a unguwar Islington, sai ya sami aikin zana allunan rubutu da ake sakawa tsakanin hotuna, domin a wancan zamani fim ba ya magana. A wurin ne ya haɗu da Alma Reville, ƙwararriyar mai tace fim wadda ta riga shi shiga sana'ar, kuma kwana ɗaya tak ya ba ta a haihuwa. Sun yi aure a Disambar 1926, suka haifi 'ya ɗaya, Patricia. Har ƙarshen rayuwarsa, idon Alma ne ma'aunin da ya fi amincewa da shi.

Makarantarsa ta gaskiya ita ce Jamus. A 1924 aiki ya kai shi sutudiyon UFA a kusa da Berlin, inda ya ga darakta F. W. Murnau yana ɗaukar fim ɗin The Last Laugh, labarin wani tsohon mai gadin ƙofar otal da aka ba da shi kusan ba tare da rubutu ba. Jamusawa sun tuge kyamara daga inda aka saba kafe ta, suna yawo da ita, suna wasa da inuwa da haske don nuna abin da ke cikin zuciyar mutum. Hitchcock ya dawo gida da aƙidar cewa gani ya kori ji: abin da hoto zai iya faɗa, kada a ɗora wa baki.

Ya gwada wannan a The Lodger na 1927, labarin wani baƙo da ya kama hayar ɗaki a saman bene a daidai lokacin da ake yi wa mata kisan gilla a Landan. Masu gidan suna ƙasa suna jin takunsa yana kai da kawo, to amma ta yaya mai kallo zai ji taku a fim marar sauti? Sai Hitchcock ya sa aka shimfiɗa gilashi mai kauri a matsayin rufin ɗaki, ya ɗauki hoto daga ƙasa. Fitila tana lilo, mutanen gida sun ɗaga kai, sai rufin ya zama garau, ga tafin takalman baƙon suna zirga-zirga a kansu.

Da sauti ya shigo, daraktoci da yawa sun ɗauke shi hanyar naɗar surutu kawai. Shi kuwa a Blackmail na 1929, wanda ake lissafawa cikin fina-finan Ingila na farko masu magana, ya mayar da shi makami. Wata budurwa ta soke mutumin da ya nemi yi mata fyaɗe da wuƙar yanka burodi. Washegari da safe tana zaune wurin karin kumallo, wata maƙwabciya mai yawan magana ta shigo tana ba da labarin kisan. A hankali maganar matar ta koma gunaguni, ba abin da ke fitowa fili sai kalmar wuƙa, tana dawowa, tana ƙara kaifi, har wuƙar da ke hannun yarinyar ta suɓuce. Mai kallo bai ji abin da ke ɗakin ba, abin da ke kunnen mai laifi ya ji. Haka a The 39 Steps na 1935, mace ta ga gawa ta buɗe baki za ta ƙwalla ƙara, sai aka ji jiniyar jirgin ƙasa a maimakon muryarta.

Ka'idar da ya tsaya a kanta ya bayyana ta da wani misali a doguwar hirar da daraktan Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962. Mutum biyu suna zaune suna hira, bom ya tashi a ƙarƙashin teburinsu: mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma idan an riga an nuna masa bom ɗin, an nuna masa agogo, ya san lokacin da zai tashi, to hirar banzar da mutanen ke yi ta zama azaba, zuciyarsa za ta yi ta dukan uku-uku har tsawon minti 15. Ba-zata daban, zullumi daban. Sirrin shi ne a bai wa mai kallo sani, a hana shi ikon yin komai da sanin.

Ya taɓa kai wannan ka'ida inda ta ƙona shi. A Sabotage na 1936, an ba wani yaro ƙunshi ya kai tsakiyar Landan, bai san bom ba ne. Mai talla ya tsare shi, jerin gwano ya tare masa hanya, kyamara tana ta komawa kan agogunan titi. Ya hau bas, yana wasa da ɗan kwikwiyo, bom ya tashi da shi. Masu kallo da masu sharhi sun fusata, shi ma daga baya ya ɗauki hakan kuskure, bisa hujjar cewa wanda aka ɗaure da zullumi yana da haƙƙin a kwance shi.

A 1939 furodusa David O. Selznick ya ɗauke shi zuwa Hollywood. Fim ɗinsa na farko a Amurka, Rebecca, ya lashe kyautar Oscar ta fim mafi kyau na 1940, sai dai kyautar ta tafi hannun furodusa. A shekarun da suka biyo baya ya yi ta ƙirƙiro dabarun jan ido zuwa ƙaramin abu. A Suspicion na 1941, miji yana hawa bene da kofin madara zuwa ga matar da ke zargin zai ba ta guba. Hitchcock ya sa ƙwan fitila a cikin madarar, don haka a duk duhun matakalar ba abin da ido ke bi sai farin kofin. A Notorious na 1946, kyamara ta taso daga can saman babban falo cike da baƙi, ta yi ta saukowa har ta tsaya kan makullin da Ingrid Bergman ta dunƙule a hannu. A Rear Window na 1954 kuwa, ya ɗaure mai kallo a ɗaki ɗaya tare da James Stewart mai karyayyar ƙafa, wanda ke leƙen maƙwabta ta taga. Sa'ad da budurwarsa ta shiga gidan wanda suke zargi da kisa, ga mai gidan yana dawowa ta baranda, jarumin yana gani, mai kallo yana gani, babu mai iya yi mata gargaɗi.

Sai a 1955 ya sami abokin aikin da ya cike masa ɓangaren kunne. Bernard Herrmann, haifaffen New York a 1911, shi ya yi kiɗan Citizen Kane na Orson Welles, kuma an san shi da zafin rai da rashin karɓar gyara. Salonsa ya bambanta da na sauran mawallafan kiɗan Hollywood. Ba ya rubuta doguwar waƙa mai daɗin bi. Ɗan gajeren amo yake ɗauka, ya yi ta maimaita shi, yana hawa yana sauka, ba ya barin sa ya dire inda kunne ke tsammani. Kunnen da aka hana saukar kiɗa yana nan a rataye, kamar mai jiran ƙarshen maganar da aka katse. Wato abin da Hitchcock ke yi wa ido, shi Herrmann ke yi wa kunne.

A The Man Who Knew Too Much na 1956, kiɗan da kansa ne agogon bom. 'Yan ta'adda sun shirya harbe wani firaminista a zauren Royal Albert Hall a daidai lokacin da makaɗi zai gwara fayafayan tagulla, don ƙarar ta rufe ƙarar bindiga. Tun da farko an kunna wa mai kallo faifan kiɗan, ya san gaɓar. Sai aka kwashe kimanin minti 12 babu magana ko ɗaya: Herrmann da kansa yana jagorantar makaɗa, kyamara tana yawo daga takardar kiɗa zuwa bakin bindiga, zuwa mutumin da ke zaune da fayafayansa yana jiran lokacinsa. A Vertigo na 1958 kuma aka fito da dabarar da har yau ake kwaikwayo. Don nuna jirin mai tsoron tsayi, ana jan kyamara baya a daidai lokacin da gilashinta ke zuƙo hoton gaba, sai ramin matakala ya yi kamar yana miƙewa yana zurfi. A kan ɗan ƙaramin samfurin matakala da aka kwantar a gefe aka ɗauke shi. Steven Spielberg ya yi amfani da dabarar a Jaws na 1975.

Ƙololuwar aikinsu ita ce Psycho na 1960. Kamfanin Paramount bai so labarin ba, yana ganin ƙazanta ce. Hitchcock ya ɗauki nauyin fim ɗin da kansa, ya yafe ladansa a madadin kaso mai tsoka na mallakarsa, ya yi amfani da ma'aikatan shirinsa na talabijin, ya ɗauka da hoto baƙi da fari a kan kuɗin da bai wuce dala 800,000 da 'yan kai ba. Herrmann ma ya taƙaita kansa: babu ganga, babu ƙaho, babu sarewa, sai kayan kiɗa masu tsirkiya zalla, wato gogen Turawa da manyan danginsa.

Labarin ya fara da Marion Crane, sakatariyar da ta gudu da dala 40,000 na wurin aikinta. An daɗe ana nuna ta tana tuƙi. Idan aka kashe sautin, mace ce kawai riƙe da sitiyari. Da kiɗan Herrmann mai sassarfa, mace ce da ake bi. Ruwan sama ya tilasta mata kwana a wani ƙaramin masauki da wani saurayi mai kunya, Norman Bates, ke kula da shi. Janet Leigh ce babbar jarumar da aka tallata, kuma al'adar sinima ita ce babbar jaruma tana kaiwa ƙarshe. Fim bai kai rabi ba aka kashe ta a wurin wanka.

An kwashe mako guda a Disambar 1959 ana ɗaukar wannan fitowa. Ƙididdigar da ta shahara ita ce an sauya wa kyamara mazauni sau 78, an yanka hoton sau 52. Gutsattsari ne ke bin juna da sauri: baki, hannu, inuwa a bayan labule, ruwa, wuƙa a sama. Kusan ba a ga wuƙar ta shiga jiki ba, jinin ruwan cakulan ne, ƙarar sukan kuwa daga wani nau'in kankana aka naɗo ta. Ƙwaƙwalwar mai kallo ce ke haɗa gutsattsarin ta ƙarasa kisan da kanta. Daga nan kyamara ta bi ruwa zuwa magudana, magudanar ta rikiɗe ta zama buɗaɗɗen idon gawa. Alma ce ta hango wani ɗan motsi a jikin jarumar bayan ta mutu, wanda ya kuɓuce wa kowa, aka gyara kafin a fitar.

Umarnin Hitchcock shi ne kada a sa kiɗa a wannan wuri. Herrmann ya yi kunnen ƙashi ya rubuta. A sauran fim ɗin ya sa an danne muryar gogunan da ɗan abin da ke rage musu amo. A nan ya cire shi, ya sa makaɗa suna saran tsirkiya a can ƙarshen siririyar murya, sara bayan sara, kamar ihu, kamar kukan tsuntsu, kamar wuƙar kanta. Da Hitchcock ya ji, ya janye umarninsa, ya kuma ƙara wa Herrmann kuɗi. Ya shar'anta wa gidajen sinima kada a bar kowa ya shiga bayan an fara, abin da ba a saba ba a lokacin. Layuka suka yi tsawo, fim ɗin ya zama mafi kawo masa riba. Tasirinsa ya kai ga Halloween na John Carpenter a 1978, inda 'yar Janet Leigh, Jamie Lee Curtis, ta fito a matsayin jaruma.

Sai dai mutumin da kiɗa ya yi wa wannan rana ya san darajar shiru. A North by Northwest na 1959, inda jirgin feshin gona ke farautar Cary Grant a fili fetal da rana tsaka, ba a ji kiɗa ba sai da jirgin ya faɗi. The Birds na 1963 ba shi da kiɗa irin wanda aka saba ko kaɗan. Kukan tsuntsaye da fuka-fukansu an ƙirƙire su ne da wata na'urar lantarki ta Jamus mai suna Trautonium, a hannun Oskar Sala, Herrmann yana mai ba da shawara. Fitowar da ta fi tayar da tsigar jiki a ciki ita ce ta bakin makaranta: mace tana zaune a benci tana shan taba, yara suna rera wata waƙa mai maimaituwa a aji, a bayanta hankaki suna sauka ɗaya bayan ɗaya a kan ƙarafan wasan yara. Mai kallo ya ga na farko, ya ga na huɗu, sannan kyamara ta daɗe a kan fuskarta. Da ta waiwaya, wurin ya yi baƙi ƙirin.

A wannan fim ne kuma duhun halinsa ya fi bayyana. Jarumar, Tippi Hedren, wadda ya gano a wani tallan talabijin, an shaida mata cewa tsuntsayen roba za a yi amfani da su a fitowar ƙarshe. Sai aka kwashe kwanaki ana jefa mata masu rai, har ɗaya ya ji mata rauni kusa da ido, likita ya umarce ta da hutu. Daga baya ta zarge shi a fili da neman ta da lalata, da kuma daƙile mata sana'a da ta ƙi. Son mallakar komai da ya sa hotunansa suka fita tsaf, bai tsaya kan hotuna ba.

Rabuwarsa da Herrmann ta zo a 1966. Shugabannin kamfanin Universal suna ganin kiɗan Herrmann ya tsufa, suna son na zamani da matasa za su sayi faifansa, kuma fim ɗin Marnie bai yi kasuwar da aka so ba. Hitchcock ya isar da wannan buƙata game da sabon fim ɗinsa, Torn Curtain. Herrmann ya yi abin da ya saba, ya bi son ransa, ya tara ƙaho 16 da sarewa 12 ya rubuta kiɗa mai nauyi da sanyin ƙarfe. Wataƙila ya zaci za a maimaita abin da ya faru a Psycho. A watan Maris Hitchcock ya je wurin naɗa, ya saurari farkon kiɗan, ya dakatar da aikin, ya sallame shi. John Addison ya maye gurbinsa. Fitowar da aka fi tunawa a fim ɗin, inda jarumi da wata matar manomi ke fafutukar kashe wani jami'in tsaron Jamus ta Gabas a ɗakin girki, ta fita babu kiɗa, sai nishi da ƙarar shebur. Shekara 11 na aiki tare suka ƙare a yini ɗaya, ba su sake haɗa aiki ba. Herrmann ya rasu ranar 24 ga Disamba, 1975, 'yan sa'o'i bayan kammala naɗar kiɗan Taxi Driver na Martin Scorsese, wanda daga baya ya sa wani ɓangare na kiɗan da aka ƙi a fim ɗinsa Cape Fear na 1991.

Fina-finan Hitchcock na bayan rabuwar ba su kai na baya ba, in ban da Frenzy na 1972, wanda ya koma Landan ya ɗauka a kasuwar kayan lambu ta Covent Garden, sana'ar mahaifinsa. A ciki makashi ya hau bene da wata mata, suka shiga ɗaki, ƙofa ta rufe. Kyamara ba ta bi su ba. Ta juyo da baya a hankali, ta sauko matakala cikin shiru, ta fita titi, hayaniyar kasuwa ta rufe komai. An riga an nuna wa mai kallo yadda mutumin ke kisa, don haka ba ya buƙatar a sake nuna masa.

Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Family Plot na 1976, wanda John Williams ya yi wa kiɗa. Sau 5 aka sa sunansa a takarar Oscar ta darakta mafi ƙwarewa, bai taɓa ci ba. A 1968 aka ba shi lambar girmamawa ta Irving Thalberg. Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta karrama shi a 1979, inda ya sadaukar da yabon ga Alma, sannan Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi muƙamin Sir a farkon 1980. A lokacin ciwon gaɓoɓi da na zuciya sun ci ƙarfinsa, ya riga ya ajiye fim ɗin da yake shiryawa. Ya rasu sakamakon ciwon ƙoda a gidansa da ke Bel Air a Los Angeles ranar 29 ga Afrilu, 1980, yana da shekara 80. An ƙone gawarsa, aka watsa tokar a tekun Pasifik. Alma ta bi shi a 1982.